Ciwon matsematsi, al'ada ta ɗauke, ga kwas ɗin ƙarin girma ya matso: ina neman shawara

Las kofur (mai tambaya):

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni las kofur ce a rundunar sojan ƙasa, shekarata 24, ina cikin shekara ta huɗu da fitowa daga Daffo, makarantar horar da kuratan soja. Sunana ya fito a kwas ɗin da zai ba ni damar ɗaura igiya ta biyu, saura mako shida a fara, kuma akwai gudu da tattaki da kaya a baya. Tun da na ji labari na ƙara gudun yamma a kan na safe, na kuma rage cin abinci don jikina ya yi sauƙi.

Yanzu mako uku ke nan ina jin ciwo a matsematsina na hagu, can ciki, yana saukowa gaban cinya. Da farko sai na yi nisa da gudu yake tashi. Yanzu ko fareti na tsaya ina jin sa, da dare ma in na juya yana tashe ni. Ina shan maganin kashe ciwo na diclofenac kafin in fita. Al'adata wata huɗu ban gan ta ba, kuma ba ni da aure, ba ciki ba ne. Ina saurin haki, ruwa ma ina rage sha don kada fitsari ya matsa mini a fili.

Tsorona shi ne in je asibitin bariki a rubuta mini hutu, a cire sunana, a ce dama mata haka suke. Ina da difloma, burina in yi digiri in zama hafsa, ga maganar aure ana ta yi a gida. Shin in daure in gama kwas ɗin tukuna? Kuma ta ina zan bi in cim ma burina ba tare da na lalata jikina ba? Allah ya saka da alheri.

Likitan ƙashi:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki daure. Daga yau ki bar gudu da tsalle, ki ajiye diclofenac, gobe da sassafe ki kai kanki asibitin bariki. Ciwon da ke can cikin matsematsi, wanda ya fara da gudu, ya dawo tsayuwa, har ya kai ga tashin mutum daga barci, a jikin macen da ta ninka atisaye farat ɗaya kuma al'adarta ta ɗauke, mu tsagewar wuyan ƙashin cinya muke ɗaukarsa har sai hoto ya nuna ba ita ba ce. Yana iya zama ciwon nama, yana iya zama tsagewar ƙashin mara wadda ta fi sauƙi, amma wannan gurbin ba a caca da shi.

Kullum jiki yana rushe tsohon ƙashi yana gina sabo. In aka ƙara wa ƙashi aiki, rushewar ce take yin gaba, ginin sai ya ɗauki makonni kafin ya cim mata. A wannan tsakanin ƙashin ya fi rauni fiye da kafin ki fara atisayen, ke kuma kina dukansa da kowane taku. Kamar wayar ƙarfe ce da ake lanƙwasawa ana miƙarwa, yawan maimaitawar ne ke tsinka ta.

Wuyan ƙashin cinya shi ne ɗan siririn da ya haɗa dogon ƙashin da kansa mai zagaye wanda ke shiga cikin ƙugu, kuma jijiyoyin jinin da ke ciyar da kan ta jikin wuyan suke bi. In tsagar tana gefen ƙasa, ba ta kai rabin faɗin wuyan ba, yawanci sandunan dogarawa ne na kimanin mako shida ba a taka ƙafar, sannan a dawo a hankali, gudu sai bayan wata uku zuwa huɗu. In tana gefen sama, inda nauyin jiki ke ƙara buɗa ta, ko ta wuce rabi, tiyata ake yi a ɗaure ta da kusoshi. In kuwa kika ci gaba har ta karye ta goce, jini na iya yankewa, kan ƙashin ya mutu, a kai ga sa miki ƙugun ƙarfe kina 'yar shekara ashirin da 'yan kai. A nan kakin gaba ɗaya ake rasawa.

Ki lura da wannan: hoton X-ray na mako biyu zuwa uku na farko sau da yawa ba ya nuna komai ko da tsagar tana nan. In an ce hoto lafiya lau, ki roƙi a tura ki wurin likitan ƙashi a babban asibiti, irin asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna ko na 68 da ke Yaba, ko asibitin koyarwa mafi kusa da ke, a yi miki hoton MRI, wanda ke nuna tsagar da X-ray bai gani ba. In hakan zai ɗauki lokaci, a ba ki sanduna ki ɗauke nauyi daga ƙafar, a sake hoton bayan mako biyu. Kada ki gwada tsalle da ƙafa ɗaya don ki ga ko ta yi sauƙi, kada ki kai ta wurin mai ɗori ko mai tausa.

Diclofenac yana toshe miki ƙararrawar da jiki ke bugawa ne kawai. Ga shi kina shan sa da cikin da babu abinci, kina gudu cikin zafi, kina rage ruwa: gyambon ciki da ƙoda duk suna cikin haɗari. In ciwon ya dame ki, farasitamol gram 1, kada ya wuce sau uku a rana.

Wani saje:

Likita ya faɗi gaskiya, amma a faɗa mata ɗaya gefen. In ta rasa wannan kwas, sa'anninta za su wuce ta, wanda suka fito Daffo tare zai riƙa ba ta oda. Kuma wanda aka cire sunansa ba kullum yake saurin dawowa cikin jerin ba. Abin da ke ranta ke nan.

Tsohon samanja, ɓangaren mulki:

Saje, maganarka haka take, shi ya sa hanyar da za ta bi ta fita take da muhimmanci. 'Yata, akwai bambanci babba tsakanin wadda likita ya ɗage wa kwas da wadda ta je ta kasa aka koro ta. Ta farko takardar likita ce a fayil ɗinta, ba laifi ba ce, gurbinta na nan a zagaye na gaba in ta bi sahu. Ta biyu rahoton faɗuwa ne, kuma duk kwamitin da zai zauna kan ƙarin girmanki ko neman zama hafsa zai gan shi. Da ƙafar da kika bayyana, tattakin farko da kaya zai iya kayar da ke. Sai ki haɗa rahoton faɗuwa da karaya.

Ga abin da za ki yi. Ki bi ta hannun samanjan kamfaninki a sa sunanki cikin masu zuwa asibiti, kada ki zame ki tafi kemis ko asibitin kuɗi a ɓoye. Wurin likita ki faɗi ranar da ciwon ya fara, ki faɗi cewa a atisayen shirin kwas ya fara, ki tabbata an rubuta hakan. Raunin da aka samu a bakin aiki amma ba a rubuta shi a lokacinsa ba, da wuya a iya tabbatar da shi bayan shekara goma in ana maganar kwamitin likitoci ko haƙƙin nakasa. Takardar hutu ko ta sassauta aiki da za a ba ki, ki yi kwafi uku: ɗaya ofishin kamfani, ɗaya hannunki, ɗaya gida wurin wanda kika yarda da shi. Ki ɗauki hotonta ki aika wa kanki ta imel.

Daga nan ki rubuta takarda zuwa ga kwamandanki ta hanyar da aka saba, gajeriya: an zaɓe ni kwas kaza, likita ya hana saboda kaza, ina roƙon a ɗage mini zuwa zagaye na gaba, ga takardar likita a maƙale. Ki karɓi shaidar an amsa. Ranar da likita ya sallame ki ya ce kin warke, ki kai wannan takardar ma, ki tuna musu da rubutu.

Sannan ki saba duba Fat Tu Oda, takardar da runduna ke buga al'amuran kowane soja a cikinta. Kwas, ƙarin girma, jarrabawar sana'a, aure, haihuwa, canjin magaji, duk abin da ba a buga a can ba kamar bai faru ba ne a idon soja. Sojoji da yawa sai lokacin ritaya suke gane cewa wani kwas da suka yi bai taɓa shiga fayil ba.

In wani na sama da ke ya hana ki ganin likita, ko ya ɗaura dawo da sunanki a kan wata buƙata da ba ta dace ba, dokar sojoji ta ba ki damar kai kuka. Sashe na 179 na Dokar Rundunonin Soja shi ne na ƙorafin ƙananan sojoji, ana fara shi daga kwamanda, in ba a share miki hawaye ba ya hau sama. Ki rubuta rana, wuri, abin da aka faɗa da wanda ya ji, ki adana saƙonnin waya. Ki nisanci kai maganar Facebook, domin can sai ke mai gaskiya ki zama mai laifi.

Ma'aikaciyar jinya, ɓangaren abinci mai gina jiki:

Ƙanwata, ƙafar, al'adar da hakin duk jijiyarsu ɗaya: abin da kike ci bai kai abin da kike ƙonawa ba. In jiki ya ga haka, sai ƙwaƙwalwa ta rage sinadaran da ke sa ƙwai ya fita, sinadarin estrojin ya yi ƙasa, al'ada ta tsaya. Estrojin kuwa shi ke taka wa rushewar ƙashi birki. Don haka ɗaukewar al'ada ba alamar kin yi ƙarfi ba ce, kamar yadda wasu 'yan mata ke murna a wurin horo. Wata uku babu ita, dole a ga likita.

Ki nemi a yi miki waɗannan: awon jini, feritin wato ma'ajin ƙarfen jiki, zazzabin cizon sauro, bahaya don tsutsar ciki, bitamin D in akwai hali. Himoglobin ƙasa da 12, ko PCV ƙasa da 36, ƙarancin jini ne ga macen da ba ta da ciki. Amma jini zai iya fitowa daidai alhali ma'ajin ya ƙare, shi ya sa feritin yake da amfani. Ƙasa da 15 ƙarancin ƙarfe ne tabbas, kuma ga mai gudu irinki ƙasa da 30 ma ana magance shi. A kula, zazzabi ko wani ciwo yana ɗaga feritin ya yaudari mai dubawa, don haka a auna shi bayan an warke.

In aka ba ki ƙwayar ƙarin jini, wadda aka saba ita ce mai miligram 200, tana ɗauke da ƙarfe kimanin miligram 65. Guda ɗaya a rana ta isa, in tana damun cikinki a koma rana ɗaya bayan ɗaya. Ki sha da ruwa ko lemon zaƙi. Shayi yana hana ta shiga jini, ki ba su tazarar awa guda aƙalla, madara da ƙwayar kalsiyam kuma awa biyu. Bahaya zai yi baƙi, ba matsala ba ce. A sake awo bayan mako huɗu, kuma ko jini ya dawo ki ci gaba wata uku don ma'ajin ya cika. A nan ne mafi yawa suke dainawa, sai abin ya dawo.

Abinci kuwa, mace mai horo mai tsanani tana buƙatar wajen kalori 2,500 zuwa 3,000 a rana. Ba sai kin ƙirga ba: abinci uku cikakku, da ƙari biyu a tsakani, kuma kada ki yi atisaye da ciki wayam, ko dabino uku da kofin kunu ne ki sa. Mai nauyin kilo 55 tana son furotin wajen gram 90. Ƙwai ɗaya gram 6 ne, kofin madara ko kindirmo 8, kofin dafaffen wake kimanin 15, nama ko kifi girman tafin hannu kimanin 25. Kalsiyam miligram 1,000 a rana ake so, kofi ɗaya na madara ko kindirmo yana ba da wajen 300. Fura da nono, kifin gwangwani da ake ci har ƙaya, riɗi, kuka da zogale duk suna taimakawa. Hanta sau ɗaya a mako don ƙarfe, amma a bar ta in ana neman ciki, saboda yawan bitamin A.

Sojan ruwan Amurka sun gwada wannan a kan sababbin kuratan mata sama da 5,000: rabi aka ba su kalsiyam miligram 2,000 da bitamin D awo 800 kullum tsawon mako takwas na horo, tsagewar ƙashi ta ragu da kashi 20 cikin ɗari. An wallafa sakamakon a 2008. Kada ki ce ranar ƙasarmu ta wadatar: baƙar fata da suturar da ta rufe jiki suna rage bitamin D ɗin da fata ke yi.

Maganar rage ruwa, ki daina yau. Ita ke kawo ciwon mafitsara, da jiri a fareti. Fitsari ya zama ruwan ɗorawa mai haske, kuma ki zubar da shi duk awa uku zuwa huɗu. Cikin zafi da aiki mai nauyi rabin lita zuwa lita ɗaya a awa, kada ya kai lita ɗaya da rabi, domin yawansa ma yana tsinka gishirin jini. In jininki AS ne ki ninka kula, kuma duk ranar da fitsari ya fito baƙi-baƙi bayan atisaye tare da ciwon nama, asibiti kai tsaye.

Malamin horon motsa jiki:

Yaya, ni dawowar zan yi magana a kai, don a nan ake sake karyewa. Lokacin da kike kan sanduna, saman jiki ba ya hutu: ɗaga nauyi a zaune, atisayen hannu da baya. Keken motsa jiki ko iyo sai likita ya yarda. Gudu ba ya farawa sai an sallame ki kuma kina iya tafiyar minti 30 ba ciwo. Ki fara da tafiya minti huɗu, sassarfa minti ɗaya, sau shida, rana ɗaya bayan ɗaya, a ƙasa mai taushi, ba kwalta ba. Duk mako ki ƙara sassarfa ki rage tafiya. Ciwo ya dawo a gurbin, ki tsaya kwana biyu ki koma matakin baya. Nisa, sauri da nauyin kaya, ɗaya kawai ake ƙarawa a mako, kuma kada ƙarin ya wuce kashi goma cikin ɗari.

Abin da ya kamata ki yi tun farko maimakon ninka gudu shi ne ɗaga nauyi sau biyu ko uku a mako: tsugunno da tashi da nauyi, ɗaga ƙarfe daga ƙasa, hawa benci da ƙafa ɗaya, ɗage dunduniya. Maimaici shida zuwa goma, zagaye uku. Wannan ne ke sa mace ta iya ɗaukar kaya.

Jakar baya ki fara da kashi goma na nauyinki, ki hau a hankali. Kaya masu nauyi su kasance sama kuma manne da baya, ɗamarar ƙugu a ɗaure ta fara ɗaukar nauyin kafin a ja igiyoyin kafaɗa. Rigar sulke yawancinta da jikin maza aka yanka ta. In ta yi miki tsawo za ta riƙa dukan cinya, ta tura hular kwano gaba in kin kwanta harbi, ta kuma bar rami a hammata. Ki nemi ƙaramar lamba a sito, da rubutu in ta kama. Takalmin gudu ana canja shi bayan kilomita 500 zuwa 800. A wurin harbi ki sa abin toshe kunne, ƙarar bindiga ta wuce desibel 140, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

Ga masu horarwa da ke tare da mu: gajeru su kasance a gaban layi a tattaki. In dogo ne a gaba, gajera dole ta buɗe taku fiye da ƙarfinta, naman cinya ya riƙa jan ƙashin mara har ya tsage. Sojan Ostiraliya sun ga haka a farkon shekarun 1990, kashi 11 cikin ɗari na kuratan mata suna samun wannan tsagewar. Da suka rage saurin tattaki daga kilomita 7.5 zuwa 5 a awa, suka bar kowa ya yi takunsa, suka koma gudu a ƙasa mai taushi, sai ta sauko zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari. Matsalar tsarin horo ce, kuma tana da gyara.

Manjo, mace:

Ƙanwata, kan maganar zama hafsa. Kwas ɗin shekara biyar na NDA, makarantar horar da hafsoshi, wanda aka fara ɗaukar mata a ɓangaren yaƙinsa a 2011, shekarunki sun wuce shi. Ƙofofin da suka rage miki uku ne: gajeren kwas na hafsoshin yaƙi, kwas ɗin ƙwararru masu digiri da ake kira DSSC, da kuma hanyar da manyan sojoji ke bi su ɗaura anini bayan dogon aiki. Biyun farko suna buƙatar digiri ko babbar difloma.

Inda ake yin asara shi ne karatu ba izini. Sanarwar ɗaukar hafsoshi ta saba neman sojan da ke aiki ya kawo takardar amincewar kwamandansa, da takardar da ta nuna rundunar ce ta sahale masa karatun, da kuma adadin shekarun aiki. Mutum ya yi shekara huɗu yana biyan kuɗin makaranta a ɓoye, ranar tantancewa a ce kwalin ba a san da shi ba. Ki nemi izini a rubuce kafin ki yi rajista, ko da Buɗaɗɗiyar Jami'a ce da ba sai kin bar bariki ba, kuma a buga izinin. Ki samo sanarwar bara da ta bana, ki duba iyakar shekaru, matakin sakamako da fannonin da ake nema, ki ƙirga baya daga nan. Fannin da za ki karanta ya dace da ɓangarenki: sadarwa da kwamfuta ga 'yan sigina, lissafin kuɗi, jinya, injiniyanci, shari'a, koyarwa. Watannin jinyar nan su ne damarki ta rubuta wannan takardar da shirin jarrabawar sana'a ta gaba.

Rahoton shekara da ogarki ke cikewa, ki karanta shi kafin ki sa hannu, ki kai masa jerin ayyukan da kika yi a shekarar. Mata da yawa ana ajiye su a ofis ko wurin tarbar baƙi, sai lokacin ƙarin girma a ce ba su taɓa riƙe sashe ba. Ki nemi a ba ki mutane ki jagoranta, ko sashe ɗaya ne.

Ki sa ido kan aikin wanzar da zaman lafiya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin mata su kai kashi 15 cikin ɗari na dakarun da ƙasashe ke turawa, da kashi 25 na hafsoshin sa ido da na hedikwata, kafin ƙarshen 2028, kuma tana son rabin rukunin da ke tattaunawa da jama'ar gari su zama mata. Najeriya ta tura dakaru Gambiya da yankin Abyei da ke tsakanin Sudan da Sudan ta Kudu, horon kafin tafiya a cibiyar Martin Luther Agwai da ke Jaji ake yi. Lasisin tuƙi, iya mota mai giya, kwamfuta, da Larabci ko Faransanci suna ɗaga sunan mutum. Amma gwajin lafiya ake fara yi, mai ƙarancin jini ko gurguwar ƙafa ba ta wucewa.

Masu cewa dama mata haka suke, ki bar su. Aderonke Kale ta zama manjo janar tun 1994, ta shugabanci rundunar likitocin soja. Itunu Hotonu ta zama riya admiral a 2012. An kafa rundunar mata ta sojan ƙasa a 2018, aka ƙaddamar da manufar jinsi ta rundunonin soja a 2021. Ki nemi wata babbar soja mace a barikinku ki riƙe ta uwar ɗaki.

Likitar mata:

'Yar'uwa, za a yi miki gwajin ciki kafin komai. Ƙa'ida ce ga duk macen da al'ada ta ɗauke wa, ballantana za a yi hoton ƙugu, kada ki ɗauke shi zargi. Za a kuma duba maƙoƙo da sinadarin furolaktin mai sa ruwan nono. In duk sun fito daidai, maganin shi ne abinci da rage atisaye, al'ada takan dawo cikin 'yan watanni.

Kada ki yarda a ba ki ƙwayar tazarar haihuwa don a dawo da ita. Jinin da za ki gani na ƙwayar ne, ƙashin bai amfana ba, kuma kin rasa alamar da za ta nuna miki kin warke. Allurar wata uku ma, da wasu ke yi don huta wa al'ada a daji, tana rage ƙarfin ƙashi, ba ta dace da mai tsagewa ba.

Kan aure, an san ƙa'idar shekara uku ta aiki kafin soja ya nemi izini, kin wuce ta. Ki nemi kundin sharuɗɗan aiki da aka sabunta a ƙarshen 2024 ki karanta babin aure da hutun haihuwa da idonki. Shawarata ki jera su haka: ƙashi ya warke, al'ada ta dawo ta daidaita, ki yi kwas, sannan ciki. Ku yi gwajin jinin sikila kafin a sa rana. Folik asid maikrogram 400 kullum, a fara wata uku kafin neman ciki. Ki sani ƙwai yana iya fita kafin ki ga jinin farko, don haka rashin al'ada ba kariya ba ce bayan aure. In ciki ya samu ki sanar da wuri, a ɗauke ki daga wurin harbi saboda dalma da ƙara, da ɗaukar kaya, da tsayuwar rana. Bayan haihuwa gudu ba ya farawa kafin mako 12, kuma sai naman ƙasan mara ya yi ƙarfi: matsewa sau goma, riƙewa har daƙiƙa goma, sau uku a rana. Shayarwa tana ɗan rage ƙarfin ƙashi na wani lokaci, mai tarihin tsagewa ta dawo a hankali fiye da kowa.

Las kofur (mai tambaya):

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Gobe zan je in sha Allahu. Likita, akwai fareti kafin lokacin asibiti, kuma daga ɗakinmu zuwa can akwai 'yar tafiya. In tsaya faretin? Kuma me zan fara faɗa don a ɗauke ni da muhimmanci?

Likitan ƙashi:

Kada ki tsaya faretin. Daren nan ki sanar da samanja ko saje mai duti cewa ba kya iya taka ƙafar, ki nemi mota ko babur ya kai ki, kada ki tafi a ƙasa. Abu huɗu za ki faɗa a jere: ciwo a cikin matsematsi mako uku, yana tashe ni da dare, na ninka gudu kafin ya fara, al'ada wata huɗu babu. Ki faɗi yawan diclofenac da kike sha. Sannan ki tambaya kai tsaye ko an cire yiwuwar tsagewar wuyan ƙashin cinya, kuma kada ki baro asibitin ba tare da sanduna da takardar turawa ba. In kafin safiya ciwon ya tsananta farat ɗaya, ko ƙafar ta ƙi ɗaguwa, ko kika ga ta gajarce ta juya waje, kada ki jira gari ya waye. Ki kwanta, kada ki ci kada ki sha komai saboda yiwuwar tiyata, a ɗauke ki a kwance zuwa sashen gaggawa.